Kafin A Ɗora Wa Mace Laifi: Nasiha Kan Ɓari Da Sirrin Gado

Ya ku 'ya'yana, samari da 'yan mata, waɗanda ke bakin ƙofar aure da waɗanda suka shiga bai daɗe ba, akwai wata mas'ala da nake so ku ji ta tun kafin ta same ku, gama irin wannan magana, in ba a saurare ta cikin natsuwa ba, to ranar da jarrabawa ta sauka gida, zukata suka ƙuntata, dangi suka taru kowa da tasa fatawa, ba sauran kunnen da zai karɓe ta. Mas'alar kuwa ita ce ta ɓarin ciki mai maimaituwa, da jinkirin haihuwa, da haihuwar ɗa mai naƙasa, da kuma wani sababi guda daga cikin sabubban waɗannan abubuwa, wanda Allah cikin hikimarSa Ya ɓoye shi can cikin ƙwayar halittar ɗan Adam, bai buɗe iliminsa ga masu bincike ba sai a tsakiyar ƙarnin da ya shige.

Kun san yadda al'amarin ke gudana a wurinmu, in ba ku gani a gidajenku ba kun gani a maƙwabta. Yarinya ta tare, aka ga alamar ciki, uwar miji ta fara lissafin watanni a zuci, sai wata rana da asuba jini ya ɓalle. A karo na farko akan ce ƙaddara ce, a yi mata sannu, a dama mata kunu. A na biyu sai a fara kallon-kallo. A na uku kuwa magana takan fito fili: wannan ta ce mahaifarta ce ba ta riƙo, waccan ta ce iska ce ta shafe ta, wata ta ce a binciki kishiya ko facala, wani dattijo kuma ya ja mijin gefe bayan sallar lisha ya ce masa, "Kai fa namiji ne, ɗana, kada ka zauna mace ɗaya ta tsufar da kai ba magaji." Daga nan sai jiƙo da hayaƙi da yawon gidan masu magani, dukiya ta tafi, ita kuwa baiwar Allah tana ta ramewa, ga zafin rashin abin da ta ɗauka, ga zafin tuhuma. A cikin dukan masu shawarar nan, da wuya ka sami mutum ɗaya da ya ɗaga ido ya dubi mijin da tunanin ko sababin a jikinsa yake, alhali kuwa irin illar da zan bayyana muku ba ta san namiji ba, ba ta san mace ba, kuma wanda ke ɗauke da ita, ko shi ko ita, bai aikata kome ba da ya jawo ta.

Asalin maganar shi ne, jikin kowanenmu an gina shi ne da ƙwayoyin halitta ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya riskar su sai da madubin likita, kuma a tsakiyar kowace ƙwaya, in an ɗebe jajayen ƙwayoyin jini, akwai wani ɗan ƙunshi da aka taskace umarnin halittar mutum gaba ɗaya a cikinsa, tun daga launin fatarsa har zuwa yadda zuciyarsa da ƙwaƙwalwarsa za su ginu yana cikin mahaifa. Wannan umarni yana jikin wani siririn zare ne da ake kira DNA, wanda da za a warware na ƙwaya ɗaya tak a miƙe shi, da ya kai kimanin mita 2, an kuma naɗe shi an kasa shi kashi-kashi, kowane kashi shi ne kuromosom. Ɗan Adam yana da 46, an jera su biyu-biyu har gida 23, rabi daga uba ta hanyar maniyyi, rabi daga uwa ta hanyar ƙwai. Ko wannan adadin ma sai da masana suka shafe shekara talatin da 'yan kai suna cewa 48 ne, har sai a 1956 da Joe Hin Tjio da Albert Levan suka ƙidaya shi daidai a birnin Lund na ƙasar Suwidin. Bayan shekara uku, a 1959, wasu likitoci a Faris, Jérôme Lejeune da Marthe Gautier da Raymond Turpin, suka nuna cewa yaran da ke da lalurar Down suna da kuromosom na 21 har guda uku maimakon biyu. Na kawo waɗannan shekaru ne don ku ga kusancinsu da zamaninmu: kakanninmu da suka jingina kome ga iska da sammu suna da uzuri, tun da yake ko manyan likitocin duniya na lokacinsu ba su san abin ba, amma ku da aka haifa bayan an buɗe wannan ƙofa, uzurinku kaɗan ne.

Kuskuren da kan auku ga kuromosom iri biyu ne. Akwai na adadi, watau ɗaya ya ƙaru ko ya ragu, wanda galibi tsautsayi ne na ciki ɗaya, ba gadonsa ake yi ba, yana kuma yawaita gwargwadon yadda shekarun uwa ke ƙaruwa. Akwai kuma na tsari, watau kuromosom ya karye, guntun ya ɓace, ko ya ninku, ko ya juya kai ƙasa ya sake mannewa, ko kuwa kuromosom biyu dabam-dabam su karye su yi musayar guntaye. Wannan musaya ita ce na fi so ku fahimta, kuma ga misalin da zai kusantar muku da ita. Ku ɗauka wani malami ne ya mallaki babban littafi mai juzu'i 23, irin littattafanmu na dauri da ake rubutawa da hannu a bar su warƙa-warƙa cikin gafaka ba ɗinki, kowane juzu'i kuma kwafi biyu gare shi, ɗaya gadon uba ɗaya gadon uwa. Wata rana wajen tattarawa, sai warƙoƙin ƙarshen juzu'i na 4 suka shiga na 11, na 11 kuma suka shiga na 4, a kwafi ɗaya-ɗaya. Malam bai yi hasarar ko harafi ba, karatunsa yana nan cikakke, mai yiwuwa ma har ya mutu bai lura ba. Amma ranar da ɗansa zai tafi neman ilimi, ya ce zai ba shi kwafi ɗaya daga kowane juzu'i, a nan ne al'amarin zai bayyana. In hannunsa ya faɗa kan lafiyayyun nan biyu, ɗan ya tafi da littafi daidai. In ya faɗa kan gaurayayyun biyu tare, nan ma littafi ya cika, ko da yake a hargitse, kamar yadda yake a hannun uban. In kuwa ya ɗauki lafiyayyen juzu'i na 4 ya haɗa da gaurayayyen na 11, to ɗan ya tafi da wani babi har sau biyu, wani babin kuwa babu shi sam.

Haka yake ga mai ɗauke da daidaitacciyar musaya. Lafiyarsa ƙalau, hankalinsa cikakke, ƙarfinsa da kamanninsa ba su bambanta da na kowa ba, gama ba abin da ya ɓace masa daga umarnin halitta, wuri kawai ya sauya. Sai lokacin da jikinsa zai raba 46 ɗin nan gida biyu don ya ba ɗa 23, sa'an nan ne wasu ƙwayoyin maniyyin, ko wasu ƙwayayen in mace ce, kan fito daidai, wasu kuma su fito da ƙari a nan da tawaya a can. Cikin da aka samu daga ƙwaya mai tawaya mafi yawa ba ya wuce watanni ukun farko, domin ɗan tayin ba shi da cikakken abin da zai ci gaba da ginuwa da shi, kuma ba wani hutu ko ɗauri ko jiƙo da zai tsayar da shi. Kaɗan daga ciki sukan kai haihuwa, a sami jariri mai ciwon zuciya, ko tsagaggen leɓe, ko jinkirin girma da na hankali. Binciken da aka yi kan dubban jarirai ya nuna kimanin mutum 1 cikin 500 yana ɗauke da irin wannan musaya, wanda ke nufin a gari mai mutum miliyan ɗaya akwai wajen 2,000 da ke kai da kawowa a kasuwa da masallaci, galibinsu ba su sani ba.

Akwai wani nau'i na dabam da ake jingina wa wani masani ɗan Amurka, W. R. B. Robertson, wanda ya fara bayyana shi a 1916, ba ma a jikin mutum ba, a jikin fara. A wannan nau'i, biyu daga cikin kuromosom biyar masu gajeren kai, watau na 13 da 14 da 15 da 21 da 22, su ne kan manne da juna su zama guda, har a ƙidaya wa mutum 45 maimakon 46, amma yana lafiya lau. Kimanin mutum 1 cikin 1,000 haka yake, wanda ya fi yawa kuma shi ne haɗuwar na 13 da na 14. Inda na 21 ya manne da na 14 kuwa, a nan ne akan sami lalurar Down tana bin zuriya, a haife ta ga uwa mai ƙuruciya, har ma a sake haifar wani bayansa. Irin wannan bai wuce kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na masu lalurar ba, amma saninsa yana da muhimmanci ga gidan da ya faɗa wa, domin in uwa ce ke ɗauke da haɗin, fiye da ɗa 1 cikin 10 da za ta haifa na iya zuwa da lalurar, in kuwa uba ne hatsarin ya yi ƙasa da haka ƙwarai. Ina roƙonku, don girman Allah, in aka haifi irin wannan yaro a danginku, kada ku bari a ce aljanu ne suka musanya shi, kada kuma a ɓoye shi a ƙuryar ɗaki. Ɗan Adam ne mai cikakkiyar alfarma, yana gane ƙauna yana kuma mayar da ita, kuma in aka duba zuciyarsa da wuri, aka yi haƙuri da koya masa, yakan kai inda ba a zata ba.

Yanzu ku dubi yadda wannan ilimi ke rushe hujjar da mutanenmu suka fi dogara da ita. Miji ya ƙara aure bayan uwargida ta yi ɓari uku, amarya ta zo cikin shekara ta haifi ɗa namiji lafiyayye, sai gari ya ɗauka: ai ga shi nan, gani ya kori ji, laifin na uwargida ne. To wannan hukunci ɓatacce ne tun daga tushe, domin in mijin ne mai ɗauke da musayar, kowane ciki da ya bayar yana iya faɗawa kan ƙwaya mai kyau ko mai tawaya, kuma ba abin mamaki ba ne uku a jere su zo wa uwargida da tawaya, na huɗu ya zo wa amarya daidai, alhali da uwargidan ce ta ɗauki na huɗun da ita ma ta haife shi. Sau nawa kuma aka ga amaryar, bayan haihuwar fari, ita ma ta shiga jerin ɓari, sai a koma cewa uwargida ce ta yi mata asiri, a haɗa mata zalunci biyu, na farko an ce ba ta riƙo, na biyu an ce muguwa ce? Sau nawa aka saki mace da sunan juya, ta yi aure a wani gida ta cika shi da 'ya'ya? Zato ba ya zama yaƙini don yawan masu faɗinsa, kuma wanda ya tuhumi mumina da sihiri ba da hujja ba ya ɗauki nauyin da zai amsa tambayarsa gobe ƙiyama.

A nan zan juya gare ku, samari, gama ku ne kuka fi buƙatar jin wannan, ko da yake ya fi muku ɗaci. Ƙarfin kusantar iyali dabam, ikon ba da ciki dabam. Namiji na iya zama ƙaƙƙarfa ba abin da ya rage masa a shimfiɗa, amma in an duba maniyyinsa a tarar ƙwayoyin haihuwa kaɗan ne ko babu sam, kuma likitoci sun tabbatar cewa a kusan rabin ma'auratan da haihuwa ta yi wa jinkiri, sababin yana ga namiji ne, ko shi kaɗai ko tare da matar. Daga cikin sabubban akwai wannan musaya da muke magana, domin kuromosom da suka sauya wuri sukan sha wuya wajen jeruwa da 'yan'uwansu a lokacin da ake ƙera maniyyi, har aikin ya tsaya a hanya. Akwai kuma mai ƙarin kuromosom X, wanda ake kira lalurar Klinefelter, da ke samun kimanin namiji 1 cikin 600, da yawansu ba sa ganewa sai sun yi aure. Akwai wanda ɗan guntu ne ya ɓace daga kuromosom Y nasa, abin da wasu masana biyu 'yan Italiya, Tiepolo da Zuffardi, suka gano a 1976. Gwajin maniyyi kuwa shi ne mafi sauƙi da araha a cikin dukan gwaje-gwajen haihuwa, ba allura ba yanka, amma sai ka ga an shekara biyar ana jan mace daga asibiti zuwa asibiti, ana yi mata wankin mahaifa da hotuna masu zafi, maigida kuwa ya ƙi ko taka ƙofar, wai don kada a raina shi. Ban ga mazantaka a nan ba, na ga tsoro ne da aka ɗora wa mai rauni kuɗinsa. Tun da kuma maganar X da Y ta shigo, ku riƙe wannan: ƙwan mace X kaɗai yake ɗauka, maniyyin namiji ne ke zuwa da X a sami 'ya mace ko Y a sami ɗa namiji, saboda haka mai fushi da matarsa don ta jera masa 'ya'ya mata ya yi fushi inda ba hurumi.

Kada kuwa abin da na faɗa ya jefa ku cikin firgici. Ɓari ɗaya abu ne mai yawan aukuwa, yana samun ciki 1 ko 2 cikin kowane 10 da aka tabbatar, kimanin rabin na farkon ciki kuma kuskuren kuromosom ne na tsautsayi wanda ba ya komowa. Ko a cikin waɗanda ɓari ya maimaitu musu, ma'aurata 2 zuwa 5 ne kawai cikin 100 ake samun ɗayansu da musayar gado. Sauran akwai masu ciwon sukari, da masu cutar maƙoƙo, da masu wata illa a surar mahaifa, da masu daskarewar jini, a ƙasashenmu kuma ga zazzaɓin cizon sauro da ciwon sanyi, waɗanda da yawansu suna da magani. Waɗanda ma aka tabbatar suna ɗauke da musayar, ƙofar haihuwa ba ta rufe musu ba. Wani bincike da aka buga a 2006 daga ƙasar Holan ya bi sawun ma'auratan da suka taɓa yin ɓari biyu ko fiye, aka tarar cewa cikin masu ɗauke da musaya kashi 83 cikin 100 sun sami aƙalla ɗa ɗaya lafiyayye daga baya, marasa ita kuma kashi 84. Bambancin shi ne masu musayar sun fi shan ɓari a kan hanya. Ashe ke nan abin da irin wannan gida ya fi buƙata shi ne miji da mata su jure tare, su san abin da suke fuskanta, kada a raba su ana saura ƙiris.

Wajibi ne kuma in bambanta muku wannan da wasu abubuwa biyu da akan cakuɗa shi da su. Gwajin jini da ake yi kafin aure don gudun sikila, wanda ke cewa wane AA ne ko AS, yana duba ƙwayar gado ɗaya ce tak a kan kuromosom na 11, ba ya ganin musaya ko kaɗan. Ku yi shi lalle, amma kada ku ɗauka ya share muku kome da kome. Auren zumunci kuma ba shi ke haddasa karyewar kuromosom ba, illarsa tana wajen cututtukan da sai ɗa ya gaji gurɓatacciyar ƙwaya iri ɗaya daga uwa da uba suke bayyana. Sai dai in an san akwai musaya a zuriya, ɗan wa da 'yar ƙane suna iya kasancewa dukansu sun gaje ta daga kaka ɗaya, a nan kuwa hankali ya hukunta a duba su kafin a sa rana.

Ba kowace musaya ce ake gado ko ake gadarwa ba. Wata takan auku ne a ƙwaya ɗaya cikin jikin mutum bayan an haife shi, ta kunna wa ƙwayar nan hayayyafa ba tsayawa, ta zama ciwon daji. A 1960 Peter Nowell da David Hungerford suka ga wani gajeren kuromosom a jinin masu wata irin sankarar jini a birnin Filadelfiya, a 1973 kuma Janet Rowley ta nuna a Shikago cewa musaya ce tsakanin na 9 da na 22. Sanin wannan shi ya kai ga maganin imatinib da aka amince da shi a 2001, ƙwayar sha wadda ta mayar da cutar da a da ke kisa cikin 'yan shekaru ta zama abin da mutane da yawa ke rayuwa da shi har tsufa. Sankarar da ta fi kusa da mu ita ce wadda likita Denis Burkitt ya bayyana a 1958 yana aiki a Kamfala ta Yuganda: kumburin muƙamuƙi ko na ciki da ke kama yara a yankunan Afirka masu yawan zazzaɓin cizon sauro, har da Nijeriya, wanda daga baya aka gano galibinsa musaya ce tsakanin kuromosom na 8 da na 14. Wannan ƙari yana girma da gaggawa ta ban tsoro, cikin 'yan makonni fuskar yaro ta jirkice, haƙora su yi girgiɗi, amma yana daga cikin masu saurin jin magani, kuma Farfesa Victor Anomah Ngu, ɗan Kamaru da ya yi aiki a asibitin koyarwa na Ibadan, yana cikin waɗanda aka ba lambar yabo ta Lasker a 1972 saboda aikinsa a kan maganinsa. In kun ga irin wannan kumburi ga ƙanenku ko ɗanku, kada a kai shi ga wanzami ya tsaga, kada a tsaya shafe-shafe, a nufi babban asibiti a makon nan.

Mu koma ga ma'aurata. In ɓari ya kai biyu ko uku, ko aka haifi ɗa mai naƙasa fiye da ɗaya a jiki, ko aka shekara ana tare ba ciki, ko aka san irin wannan ya yawaita a dangin ɗayanku, to ku tafi wurin likitan mata a babban asibiti ku biyu, ƙafarka ƙafarta, ku ba shi tarihin zuriya ba ɓoye-ɓoye, shi zai fara da gwaje-gwaje masu sauƙi, in ya ga dalili ya nuna muku inda ake duba kuromosom. Aikin a wurinku bai wuce ɗiban jini kaɗan daga hannu ba. A ɗakin bincike ne ake zuba fararen ƙwayoyin jinin cikin ruwan abinci, a ƙara wani sinadari da ake samu daga wani irin wake don ya motsa su su fara rabuwa, a ajiye su kwana uku a ɗumi irin na jikin mutum, sa'an nan a tsayar da su daidai lokacin da kuromosom suka yi kauri suka fito sarari, a kumbura su da ruwan gishiri mai rauni, a ɗiga su kan gilashi su fashe su baje, a rina su. Rinin nan yana fitar wa kowane kuromosom zane-zanensa na fari da baƙi wanda ba ya kama da na wani, dabarar da aka samu wajen 1970, sai ma'aikaci ya zauna gaban madubi ya jera su biyu-biyu daga babba zuwa ƙarami, yana duban inda zanen wani ya koma jikin wani. Lafiyayyen sakamako akan rubuta shi 46,XX ga mace, 46,XY ga namiji. Neman wannan sani bai saɓa wa tawakkali ba, riƙo da sababi ne, kamar yadda addu'a da sadaka riƙo ne da sababi, kuma ba mai hankalin da zai ce ku bar ɗaya don ɗaya.

Musaya ba ta da maganin da zai mayar da guntaye mazauninsu, duk wanda ya ce muku yana da shi kuɗinku yake so. Abin da ake da shi ga masu hali shi ne haɗa ƙwan mace da maniyyin mijinta a ɗakin bincike, a duba 'yan tayin tun suna 'yan ƙwayoyi, a dasa mai daidaito a mahaifa, hanyar da aka fara a Landan a 1990. Tana da tsada ƙwarai, ba kullum take cin nasara ba, babban amfaninta kuma shi ne rage yawan ɓari. Ta fuskar shari'a, tun 1980 Muftin Masar na lokacin, Shaihu Jadul Haƙƙi, ya yi fatawar halascin irin wannan dashe muddin ƙwai na matar ne, maniyyi na mijin ne, aure kuma yana nan, ba a shigo da na wani ba, don kiyaye nasaba. In kuwa bayan dukan ƙoƙari Allah bai ƙaddara haihuwa ba, ku tuna Uwar Muminai Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ba ta haihu ba, ba kuwa wanda ya isa ya ce darajarta ta ragu da haka a wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Saura maganar amana. Sakamakon nan sirri ne na mai shi, kuma mijin da aka tarar matarsa ce ke ɗauke da musaya, ko matar da aka tarar mijinta ne, ba shi da izinin kai shi zaure ko gidan biki, ba kuma makami ba ne da za a zaro ranar faɗa. Malamanmu na Malikiyya sun lissafa aibobin da ke ba da zaɓin warware aure, hauka da kuturta da albaras da cutar da ke hana saduwa, wannan kuwa ba ya cikinsu. Duk da haka, wanda ya san halinsa tun kafin aure, ina ganin gaskiya da mutunci sun wajabta masa ya sanar da wadda zai aura, ita ma haka, a keɓe, tare da bayanin likita, domin a shiga bisa basira. Akwai kuma haƙƙin 'yan'uwa na jini: in daga uba ko uwa aka gaji musayar, kowane wa ko ƙane ko ƙanwa yana tsakanin ɗauka da rashin ɗauka rabi da rabi, kuma mai yiwuwa yayarku da ke can gidan miji tana shan gori shekara da shekaru wannan labari ne zai warware mata. Ku gaya musu cikin sitira, ku ba su kwafin takardar su kai wa likitansu, gama in ya san kuromosom biyun da abin ya shafa aikinsa ya yi sauƙi. Takardar ta asali kuma ku adana ta inda kuke ajiye takardun gida, domin tsarin kuromosom da aka haifi mutum da shi ba ya sauyawa, gwaji ɗaya ya ishe shi har ƙarshen rai, kuma ranar da 'ya'yanku suka isa aure likitansu zai nemi ganinta.